Mota da Hanya: Ƙaton Wili da Siririyar Taya a Titunan Bauchi

Duk wanda ya tsaya da la'asar sakaliya a wajejen Wunti, ko a bakin titin da ya nufi Yelwa inda ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa suke kai da kawowa, lalle zai lura da wani yayi da ya shigo wa samarin Bauchi masu abin hannu, da kuma waɗanda iyayensu ne masu shi. Yayin kuwa shi ne, a sayi mota mai gudu, Marsandi ko BMW ko ɗaya daga cikin motocin nan na Amurka masu ruri irin su Mustang da Charger, tun ba a gama biyan kuɗin lamba ba sai a kai ta a kwance ƙafafun da ta zo da su daga ma'aikata, a ɗaura mata waɗansu manya-manyan wili masu ƙyalli, a naɗa musu taya siririya kamar an shafa baƙin fenti a bakin faranti. Wanda ƙarfinsa bai kai Marsandi ba, sai ya yi wa Honda ko Camry ɗinsa irin wannan kwalliya.

Ba na musun cewa abin yana da kyan gani. Amma tun da yake ƙafafun nan huɗu su kaɗai ne suke haɗa mota da ƙasa, kuma abin da yake taɓa kwalta a kowace taya bai wuce faɗin tafin hannun babban mutum da kaɗan ba, ya kamata filin nan ya tsaya a kan batun a wannan mako, domin rayukan mutane ne ake ɗorawa a kan tafin hannu huɗu a bi hanyar Jos da su.

Bari mu fara da rubutun da yake jikin taya, wanda mutane da yawa suke wucewa ba su karanta ba, alhali kuwa duk labarin tayar yana wurin. Mu ɗauki misalin wadda aka rubuta wa 205/55 R16 91V, domin tana cikin waɗanda suka fi yawa a kasuwa. Lamba ta fari, watau 205, ita ce faɗin tayar da milimita. Ta biyu, 55, ita ce ta fi rikita mutane, domin ba awo ba ce kai tsaye. Ma'anarta, tsayin gefen tayar, daga bakin wili zuwa inda zane ya fara, kashi 55 ne cikin ɗari na faɗin nan. In aka buga lissafi za a sami kimanin milimita 113. Harafin R yana nuna irin saƙar da aka yi wa tayar a ciki, wadda kamfanin Michelin na Faransa ya yi wa rajista a 1946, kuma a yau kusan kowace ƙaramar mota irinta take takawa. Sai 16, faɗin wilin da tayar za ta hau, shi kuwa da inci ake auna shi. Abin dariya ne a ce layi ɗaya na rubutu ya haɗa milimita da inci da kashi cikin ɗari, amma haka duniya ta gada, haka kuma za mu karanta. Lambar 91 da harafin V za mu komo kansu nan gaba.

To, ga ƙa'idar da ita ce uwa a wannan sana'a. In za a ƙara girman wili, tilas a rage tsayin gefen taya, domin tsayin ƙafar gaba ɗaya, daga ƙasa zuwa saman taya, ya tsaya kusa da yadda masu ƙera motar suka tsara. Tayar misalinmu tsayinta milimita 632 ne. Mai son wili inci 17 sai ya nemi 225/45 R17, wadda tsayinta 634 ne. Mai son inci 18 sai ya nemi 225/40 R18, tsayinta 637. Mai son 19 kuwa, 225/35 R19, tsayinta 640. Masana suna ba da shawara kada bambancin ya wuce kashi 3 cikin ɗari, kuma duk waɗannan suna cikin iyaka.

Inda ake shiga uku shi ne wurin da mai mota ya je shago, mai taya ya duba bai da daidai awon, ya jawo wata ya ce ai wannan ma za ta hau. Za ta hau ɗin kuwa, amma hawa daban, dacewa daban. A ce an sa 225/55 R17 a madadin tayar misalinmu. Tsayinta milimita 679 ne, ta ɗara ta asali da kashi 7 da rabi cikin ɗari. Shi maleji ba ya ganin hanya, juyawar ƙafa yake ƙirgawa, don haka sa'ad da allura take nuna 100, motar tana bisa 107 ne da 'yan kai. In allura ta kai 140, to, direba yana bisa 150 bai sani ba. Bayan wannan, motar za ta yi nauyin tashi kamar an fara ta da giya ta biyu, sa'an nan in aka cika ta da mutane aka sha kwana ko aka hau tudun rage gudu, taya za ta riƙa gogar madigadi, ƙarfe yana yanka roba a hankali. Motocin zamani kuma birkinsu na ABS da na'urar hana santsi duk da ƙirgen juyawar ƙafafu suke aiki, in aka haɗa musu ƙafafu masu tsayi daban-daban sai lissafinsu ya rikice a daidai lokacin da ake bukatarsu.

Yanzu mu koma kan abin da ake sadaukarwa ko da an bi ƙa'ida. Mai karatu ya sake duban lissafin nan na sama. Da wili inci 16, akwai milimita 113 na roba da iska tsakanin ƙarfe da kwalta. Da 17 ya koma 101. Da 18 ya koma 90. Da 19 saura 79 kacal. Wannan gefen taya da ake ta yankewa domin kwalliya shi ne matashin farko da yake karɓar dukan hanya kafin ya isa ga shokozoba. Sa'ad da mota ta faɗa rami da gudu, bakin ramin yakan matse gefen taya ya haɗa shi da bakin wili. In gefen yana da tsayi, sai ya lotsa ya komo. In gajere ne, sai ƙarfe ya datse zaren da yake cikin roba kamar almakashi, washegari a ga ƙulu ya fito a gefen taya kamar ƙwai. Taya mai irin wannan ƙulu ta mutu, ba faci ba dabara, jira kawai take rana ta yi zafi ta yi bindiga. In dukan ya yi tsanani, wilin kansa yakan lanƙwashe ko ya tsage.

Dattawan direbobinmu ba su san wannan ciwo ba. Tun da aka buɗe ma'aikatar Peugeot a Kaduna a 1975, Fijo 504 ita ce ta riƙe hanyoyin Arewa shekara da shekaru, daga Bauchi zuwa Kano ta Ningi da Birnin Kudu, daga Bauchi zuwa Maiduguri ta Darazo da Potiskum, da lodi a bisa da fasinja a ciki. Wilinta inci 14 ne na ƙarfe, tayarta kuwa 175 ce mai dogon gefe, kimanin milimita 140. Watau abin da saurayin yau mai inci 19 yake takawa ya ɗan wuce rabin abin da kakansa ya taka ne kawai. Kada kuma wani ya ce ai 504 motar tsofaffi ce. Ita ce ta ci gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka a 1975 a hannun Ove Andersson, kuma 'yar'uwarta mai ƙofa biyu ta sake ci a 1978 a hannun Jean-Pierre Nicolas, a kan hanyoyin Kenya masu laka da duwatsu da gargada. Mutanen Bauchi da suka yi aiki a ma'aikatar Steyr, wadda aka kafa a garin nan a ƙarshen shekarun 1970 domin haɗa manyan motoci da tarakta, su ma za su gaya maka cewa ƙasar da za a taka ita ce take zaɓen taya.

Su kansu masu tseren duniya haka suke yi. A gasar tseren daji ta duniya, mota ɗaya takan sa wili inci 18 in za a yi tsere a kan kwalta mai laushi, amma ranar da za a shiga tsakuwa da turɓaya sai a kwance a sa inci 15 da taya mai dogon gefe. Motocin Formula 1 kuwa, waɗanda babu abin da ya fi su gudu a filin tsere mai kwana-kwana, da wili inci 13 suka yi ta tsere har ƙarshen 2021, sai a 2022 aka mai da su 18. Saboda haka mai cewa girman wili shi ne gudu, ya sake tunani. Mujallar motoci ta Amurka mai suna Car and Driver ta gwada wannan a 2010, ta ɗauki Golf guda ɗaya ta riƙa canja mata ƙafafu daga inci 15 har zuwa 19. Abin da ta samu shi ne, da manyan wili motar ta fi kama ƙasa a kwana, amma ta rage saurin tashi, kuma shan manta ya ƙaru da kimanin kashi 10 cikin ɗari tsakanin ƙaramin da babban. Dalili kuwa nauyi ne, domin ƙaton wili da faffaɗar taya sun fi nauyi, kuma nauyi ne wanda inji zai juya, birki ya tsayar, shokozoba ta riƙe. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ba na jin akwai mai motar da zai raina kashi 10 cikin ɗari.

Adalci ne a faɗi amfanin siririyar taya, domin injiniyoyin Jamus ba wawaye ba ne. Gajeren gefe ba ya lanƙwasa sosai, don haka sitiyari yana amsawa nan take, mota kuma tana tsayawa daram a kwana. Babban wili kuma yana ba da wurin sa babban faifan birki, abin da mota mai ƙarfin inji ba ta iya yi sai da shi. Wannan ma shi ya sa ba kowace motar gudu ce za a iya rage wa wili ba. Akwai wadda in ka sa mata inci 16, wilin zai ci karo da kan birki ya ƙi zama. Sai dai an tsara waɗannan abubuwa ne domin manyan hanyoyin Jamus, inda akwai wuraren da doka ba ta ƙayyade gudu ba, kwalta kuma kamar an goge da dutsen guga. Mu kuwa, ko a titin da aka gyara jiya, akwai tudun rage gudu a bakin kowane ƙauye, akwai bakin kwalbati, akwai kwararon unguwa da ruwan Agusta ya zaizaye, kuma ba wanda yake sayen mota domin ya tsaya a GRA kaɗai. Ranar da aka ce a ɗauki amarya zuwa Dass, ko a kai baƙi Yankari su yi wanka a Wikki, ranar ce wilin zai gane kurensa.

Akwai kuma batun samuwa, wanda masu kwalliya ba su cika tunawa da shi ba sai sun tsaya a daji. Kamfanin Michelin ya rufe ma'aikatarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a Ikeja a 2008, tun daga nan kusan duk tayar ƙaramar mota da take kasuwarmu daga waje take zuwa, kuma ɗan kasuwa abin da yake fita yake sarowa. Awo irin su 195/65 R15 da 205/55 R16 da 215/60 R16 ba su da wuyar samu ko a garuruwan kan hanya. Amma wanda tayarsa inci 19 ta fashe tsakanin Dindima da Alƙaleri, ko bayan Nabordo da magariba, sai ya shirya kwana ko ya shirya kiran waya zuwa Jos ko Kano. Ko da ya samu, ba kowane mai faci ne yake da injin cire irin wannan taya ba. Mai facin bakin hanya da ƙarafunan bankara da guduma yake aiki, kuma gwani ne a kan wilin ƙarfe da taya mai dogon gefe. Siririyar taya kuwa gefenta tauri gare shi, kafin a ɓamɓare ta da hannu an kakkarce wilin, wani lokaci ma an yaga bakin tayar da yake riƙe iska.

Mu juya ga wilin kansa. Mutane suna tsammanin in ramukan noti biyar ne a mota, biyar ne a wili, to, magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Ramukan nan suna zaune ne a kan da'ira, kuma faɗin da'irar ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Camry da Accord nasu milimita 114.3 ne. Marsandi nata 112 ne. Yawancin BMW na da nasu 120 ne, ko da yake sababbin sun koma 112. Tsakanin 112 da 114.3 bambancin milimita 2.3 ne kawai, ido ba ya gani, kuma in aka matsa notin zai shiga. Amma zai shiga ne a karkace, kowanne yana ja gefe, wilin ba ya zama a tsakiya, sitiyari ya riƙa rawa in an kai wani gudu, kuma a hankali ƙarfen notin yana gajiya har wata rana ya karye. Waɗansu har kai wilin suke yi a faɗaɗa ramukan da injin huda. Wannan ganganci ne tsantsa, kuma bakaniken da ya yarda ya yi shi bai ƙaunaci mai motar ba. Haka kuma ramin tsakiyar wili, wanda shi ne yake zama a kan cibiyar ƙafa: na Toyota milimita 60.1 ne, na Honda 64.1, na Marsandi 66.6. In ramin wili ya fi cibiya faɗi, akwai zoben da ake sawa ya cike giɓin, kuma ba shi da tsada in aka kwatanta da abin da yake karewa. Kan notin ma iri-iri ne, na Marsandi mai kumburi ne kamar rabin ƙwallo, na yawancin wilin kasuwa kuwa mai tsini ne kamar mazurari, ba a haɗa wannan da mazaunin wancan.

A bayan wili za a ga an zana wani rubutu kamar 7.5Jx17 ET45. Lambar 7.5 faɗin wilin ne da inci, wanda tilas ya dace da faɗin taya. Yayin nan na miƙe ƙaramar taya a kan faffaɗan wili har gefenta ya kwanta yana barin bakin wili a fili, kuma taya na iya suɓucewa a kwana. Lambar da ta bi ET kuwa ita ce take nuna ko wilin zai shige ciki ko zai fito waje. In ta yi ƙasa da ta asali sosai, ƙafa za ta leƙo waje daga madigadi, abin da samari suke so, amma boris ɗin ƙafa ne yake biyan kuɗin, domin nauyin mota ya tashi daga inda aka tsara masa. In ta yi sama sosai, taya za ta goga a ciki. Wilin alminiyam kuma halinsa ya saɓa da na ƙarfe: na ƙarfe yakan lanƙwashe a buga shi ya komo, na alminiyam yakan tsage. Ina ganin ana kai tsagaggun wili wurin masu walda a like, a shafa fenti, a mai da su kasuwa. Mai sayen wili na hannu ya wanke shi tas, ya duba cikinsa da rana tsaka, in ya ga tabon walda ya ajiye wa mai shi kayansa.

Waɗansu motocin gudu da faɗi biyu suke zuwa, ƙafafun baya sun fi na gaba. Akwai Marsandi da BMW da yawa masu 225/45 R17 a gaba da 245/40 R17 a baya. Hikimar ita ce, ƙafafun baya ne suke tura waɗannan motoci, don haka aka ba su faɗin da za su kama ƙasa. Mai irin wannan mota kada ya yarda a juya masa tayoyi daga gaba zuwa baya. Amma mai Camry ko Accord da ya kwaikwayi wannan tsari asarar kuɗi kawai ya yi, domin tasa motar ƙafafun gaba ne suke jan ta, kuma faɗin da ya ƙara a baya yana sa ta ƙin shan kwana ne. Mota mai ja da ƙafa huɗu kuwa, tayoyinta huɗu su zama iri ɗaya, awo ɗaya, cinyewa kusan ɗaya, in ba haka ba giyarta ce za ta ji jiki. Game da faɗi kuma, a tuna da damina. Taya tana korar ruwa ne ta cikin zanenta, in ta yi faɗi da yawa ko zanen ya suɗe, ruwan da ya kwanta a titi yakan ɗaga ta, mota ta zama kwalekwale, sitiyari da birki duk su daina jin magana.

Sauran lambar 91 da harafin V. Lambar tana nuna nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka: 91 kilo 615 ne, 87 kilo 545, 94 kuwa kilo 670. Wannan yana da muhimmanci ga mai rage gefen taya, domin iska ce take ɗaukar mota, kuma siririyar taya iskar cikinta kaɗan ce, sau da yawa lambar nauyinta takan faɗi ƙasa da wadda motar take bukata. Kada a sauka ƙasa da lambar asali, in ya zama dole a nemi wadda aka rubuta wa XL, watau mai ƙarin ƙarfi. Harafin kuwa iyakar gudun da aka gwada tayar ne: T kilomita 190 cikin awa, H 210, V 240, W 270, Y 300. Wani zai ce me ya haɗa ni da 240, alhali dokar hanya ta ƙayyade wa ƙaramar mota 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya? Amsar ita ce zafi. Abin da yake kashe taya a gudu zafi ne, kuma wadda aka gina ta jure 240 ta fi ƙarfin jure kwaltar Bauchi a watan Maris da Afrilu, sa'ad da zafin iska yake dosar digiri 40, na kwalta kuma ya wuce haka nesa. Tayoyi da yawa ma suna ɗauke da kalmar TEMPERATURE da harafi a gabanta, A ko B ko C. A ce ta fi jure zafi, ita ya kamata ɗan Arewa ya nema.

Wannan ya kawo mu ga tayar gwanjo, wadda ake kira Baljiyam. Tun da sabuwar taya inci 18 ko 19 tana da tsadar gaske, mafi yawan waɗanda suka ƙure aljihu wajen sayen wili a kan gwanjo suke ƙarewa, an kashe kuɗi a kan ƙarfen da ake gani, an yi tsumulmula a kan robar da take riƙe rai. Shigo da tsofaffin tayoyin ƙananan motoci yana cikin jerin kayan da Hukumar Kwastan ta haramta, amma kowa ya san kasuwa cike take da su. Wanda ya ga ba makawa sai ya saya, to, ya nemi haruffan DOT a gefen taya, ya bi layin zuwa ƙarshe, zai ga lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, watau 2319 tana nufin mako na 23 na shekarar 2019. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, sun sha shelanta cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga ranar ƙira. Waɗansu kamfanonin motoci suna cewa shida, kamfanonin taya kuwa suna cewa ko ba a taɓa taka ta ba kada ta wuce goma. Kowanne mutum ya ɗauka, roba tana tsufa ko a ɗaki aka ajiye ta, kuma zafinmu yana gaggauta mata. A lanƙwasa gefen a duba ko akwai ƙananan tsaga, a leƙa ciki a ga ko an yi faci kusa da gefe, a duba 'yan tudun nan da suke cikin kwarin zane, waɗanda in zane ya yi daidai da su saura milimita 1.6 ke nan, taya ta ƙare.

Akwai wani tarko kuma da ya fi wannan ɓoyuwa. Tayoyin gwanjo da yawa masu zane ƙwar kamar sababbi, tayoyin hunturu ne na Turai. Alamarsu hoton dutse mai kai uku da ƙwayar ƙanƙara a cikinsa, da ƙananan tsaga-tsaga barkatai a fuskar zane. An haɗa robarsu ne domin ta yi laushi a sanyin da ya gaza digiri 7. In aka ɗora ta a kan hanyar Ningi da tsakar rana sai ta yi taushi fiye da kima, ta cinye da wuri, birki kuma ya ƙara nisa kafin mota ta tsaya. Mai sayarwa ba lalle ne ya san haka ba, shi zane yake nuna maka. Araha dai ba ta ado.

Iska kuma, kada a bar wa mai faci ya auna da bugun ƙafa ko da gejin da ya sha faɗuwa. Awon da ya dace yana rubuce a wata takarda da aka manna a jikin ginshiƙin ƙofar direba, wani lokaci a murfin tankin mai. Lambar da take jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba a nufin a cika ta har can. A auna da safe kafin a yi tafiya, kuma in an tsaya a hanya aka ga iska ta ƙaru saboda zafi, kada a sace ta, haka aka tsara. Siririyar taya tana da wani mugun hali a nan: ko ta rasa iska da yawa ido ba ya gane wa, domin gefen da zai lotsa a gani babu shi. Geji na aljihu ya zama abokin tafiya.

Takardar nan ta jikin ƙofa kuwa ita ce take warware gardamar duka, domin a yawancin motocin Turai tana jera awon tayoyin da masu ƙera motar suka amince da su, sau da yawa biyu ko uku. Ra'ayina ga mai motar gudu a Bauchi shi ne ya zaɓi mafi ƙanƙantar wili a cikin jerin wanda zai rufe birkinsa ba tare da gogayya ba. Ga yawancin Marsandi da BMW masu matsakaicin inji, inci 17 da gefe 45 ya wadatar, 16 ma ya fi in birki ya yarda. Wanda motarsa ba ta karɓar ƙasa da 18, ya san nauyin da ya ɗauka, ya rage gudu a inda bai san hanya ba. Rarar kuɗin da za a kashe a ƙaton wili a sa ta a sababbin tayoyi huɗu na kamfanin da aka sani. In biyu kawai aka iya saye, a sa sababbin a baya, ko da motar da gaba take ja, domin gaban mota in ya zame direba yana iya gyarawa da sitiyari, baya kuwa in ya zame sai yadda hali ya yi. Bayan ɗauri a yi balansin da alaimen, a hana yaron shago hawa kan sifana yana tsalle, kuma a sake taɓa notocin bayan tafiyar kilomita 50.

A buɗe but a duba safaya kafin a bar shago. Motocin gudu da yawa 'yar siririyar safaya suke zuwa da ita, wadda ba a wuce kilomita 80 cikin awa da ita, waɗansu BMW kuwa babu safayar sam, domin an yi su ne da tayar da take iya tafiyar kimanin kilomita 80 bayan ta sace. In an canja irin wannan taya da ta yau da kullum, to, sai an sayi safaya da jak, a kuma tabbata notocin sabon wili suna kama safayar. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba shokozoba da yayin nan na yanke sifirin domin mota ta kwanta ƙasa.